Waƙar Wasiyya da Wakafi, da Sharhinta a kan Abin da Ya Sami Mutanen Hartum da Umdurman

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, waɗannan baitoci goma sha huɗu ne a kan wasiyya da wakafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi. Na tsara su don almajirai su haddace, sa'an nan na bi su da sharhi gwargwadon hali. Na ɗebo misalai daga Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, domin 'yan'uwanmu suna can da yawa, kuma abin da ya same su ya taɓa kusan kowane babi na wannan ilmi.

Na gode Allah wanda yai mu da duniya,
Shi za Ya gaji mutum da tarin dukiya.

Tsira ga Manzo Musɗafa da Sahabu nai,
Shi ne ya koyar yadda za a bi gaskiya.

Ya ɗan'uwa zancen wasiyya za ni yi,
Rubuta taka tun kana da lafiya.

Ka dubi Hartum har da Umdurman ka ga,
Yaƙi ya kori mutan gida tun safiya.

Wani ya ɓace ba a san kushewa tasa ba,
Wani ya rasu, bashinsa na can zuciya.

Ka sani ya kai ɗan'uwa, Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, hadisin da ya hana Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Malamai suka ce wasiyya wajibi ce a kan wanda ake bi bashi, ko yake riƙe da ajiyar wani, in har zai mutu ba wanda ya sani. Mustahabbi ce ga mai wadata da ke son ya bar alheri. Haramun ce idan an yi ta don a cuci magada.

Mutanenmu suna gudun rubuta ta, wai kamar mutum yana kiran ajalinsa ne. To, ga abin da ya faru. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, daidai da 24 ga Ramadan 1444, mutanen Hartum suka wayi gari da ƙarar bindiga tsakanin sojan gwamnati da mayaƙan da ake kira Da'amus Sari'i, watau RSF. Jama'a suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, suna zaton kwana kaɗan za su yi su komo. Wasu suka nufi Wad Madani, sai yaƙin ya tarar da su can a Disamba na wannan shekara. Wasu suka yi Bur Sudan, wasu Masar, wasu Cadi. Waɗanda suka rasu cikin gari aka riƙa binne su a tsakar gida da harabar makarantu da gefen titi, don ba halin kai su maƙabarta. Sai a Maris 2025 sojan gwamnati suka karɓe fadar shugaban ƙasa da tsakiyar Hartum, aka soma komawa gidaje, ana tarar da su a wawashe.

Cikin waɗannan mutane akwai namu. Tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa Hausawa da Fulani da Barebari suke yada zango a Sudan, wasu su zauna ke nan, can ana kiransu Fallata ko Takarir. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa, garin Maiwurno da ke gaɓar Baharul Azraƙ sunansa ya ci. Daga baya zuriyar matafiya ta bazu har Hartum da Umdurman. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya bar mata da 'ya'ya a Kano ko Haɗeja, ya sake aure a Umdurman, ɗakin nan bai san wancan ba. Ku sani bambancin ƙasa ba ya hana gado tsakanin Musulmi. Farkon abin da irin wannan mutum zai rubuta shi ne sunayen matansa da 'ya'yansa duka, da garin da kowa yake.

Farko a yo sutura, biyan bashi ya zo,
Sannan wasiyya, sai a rarraba dukiya.

Sulusi kaɗai aka ba ka, kar ka wuce hakan,
Saura rabon Allah, ka bi shi da godiya.

Wannan shi ne jerin da ake bi a tarikar mamaci, bayan an fitar da haƙƙin da ya rataya da ainihin wani abu, kamar jingina. Bashi yana gaba da wasiyya, ko da zai cinye dukiyar duka. A nan akwai tanbihi ga masu gida. Da yawa kuɗin matansu yana cikin jarinsu, ko saura sadaki bai fita ba, suna cewa ai mun san juna. Idan mutum ya bari sai yana kwance ciwon ajali sa'an nan ya yi iƙirari cewa matarsa tana binsa kaza, malamanmu suna duban tuhuma, in an ga alamar son kai gare ta sai a ƙi karɓa. Da ya faɗa yana lafiya gaban shaidu, da ba mai ja.

Asalin sulusi kuwa ƙissar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ce, Allah Ya yarda da shi. Ya yi ciwo a Makka, a lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, ya nemi rabi aka hana, aka tsaya a sulusi, aka kuma nuna masa cewa shi ma yana da yawa. Sauran kashi biyun Allah da kansa Ya raba su a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. A Ingila mutum yana iya rubuta dukiyarsa ga wanda ya so. Har a Nijeriya, a 1971 Kotun Ƙoli ta zartar da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta bisa dokar Ingila, ya fifita wasu 'ya'yansa, ko da yake daga baya wasu jihohi sun gyara dokarsu. Kotu ta zartar ba ya nufin an kuɓuta ranar hisabi.

Sulusin nan ma, a wurinmu, ba a yin wasiyya da shi ga mai gado, saboda hadisin Abu Umama na hajjin ban kwana. In an yi, ɓatacciya ce, sai fa in sauran magada sun yarda, sa'an nan ta zama kyauta daga gare su. Amma a Sudan an taɓa wannan hukunci, kuma ya kamata ɗalibi ya san yadda aka yi. Mutanen Sudan Malikawa ne kamarmu. Sai dai da Ingila da Masar suka ci ƙasar a 1898, suka kafa kotunan shari'a da dokar 1902, Alƙalin Alƙalai daga Masar ake kawo shi har 1947, cikinsu har da Shehu Muhammad Musɗafa Al-Maragi wanda ya riƙe muƙamin daga 1908 zuwa 1919, daga baya ya zama Shehun Azhar. Aka ɗora kotunan a kan Hanafiyya, aka kuma ba Alƙalin Alƙalai ikon fitar da takardun umarni da ake kira manshurat. A 1945 manshuri mai lamba 53 ya halatta wasiyya ga mai gado cikin sulusi ba tare da yardar sauran ba, Masar ta bi sahu a dokarta ta wasiyya ta 1946. Hujjarsu ita ce uba ya san wanda ya fi rauni cikin 'ya'yansa, kamar makaho ko ƙaramin da bai yi karatu ba. Buƙatar gaskiya ce. Ni dai ina kan abin da muka karanta a Risala da Muhtasar, domin ƙofar da aka buɗe don makaho, ɗan mowa ne zai fara shiga ta. Kuma shari'a ta bar wa uba wata hanya, watau kyauta yana lafiya saboda dalili bayyananne, tare da tuna ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir, wadda Annabi ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka keɓe ɗa ɗaya da ita.

Wata mas'ala da ake yawan tuntuɓe a kanta: idan aka tsinci wasiyya a akwatin mamaci da rubutun hannunsa, amma bai sa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, malamanmu sun ce ba a zartar da ita, domin wataƙila ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa. A sa adilai biyu. Mai wasiyya kuwa yana da ikon sauya ta ko janye ta muddin yana numfashi.

Jika maraya in da baffa a raye, to
Sulusinka ne zai fid da shi daga shan wuya.

Wannan baiti shi ne zuciyar waƙar, kuma yaƙi ya ƙara masa nauyi, domin a yaƙi samari ke riga tsofaffi. Mutum yana da 'ya'ya maza uku, ɗaya ya rasu ya bar ƙanana, sa'an nan tsohon ya rasu. Jikokin nan ba su da gado, baffanninsu sun kange su, wannan shi ne hajabu. Ba zalunci a cikin hukuncin, domin wanda Ya kange su Shi ne Ya buɗe wa kakan ƙofar sulusi, tun da yanzu su ba magada ba ne, wasiyya ta halatta gare su ba tare da neman yardar kowa ba. Laifin na kakan ne da ya yi shiru.

Masar ta magance abin da doka. A dokar 1946 ta kawo abin da ta kira wasiyya wajiba, watau kotu ta ba jikokin rabon mahaifinsu, in bai wuce sulusi ba, ko kakan bai furta ba. Malaman Malikiyya kuwa tun da daɗewa suna da abin da ake kira tanzili, watau kaka ya saukar da jikokinsa a matsayin mahaifinsu. Dokar zaman iyali ta Musulmin Sudan ta 1991 ta ambaci tanzili, ta ɗauke shi wasiyya, ba ya wuce sulusi. Tanzili sai kaka ya furta shi da bakinsa.

To, a lura da lafazi, domin a nan kalma ɗaya tana sauya lissafi. Mutum mai 'ya'ya maza biyu a raye, ba wani magaji, idan ya ce a sa jikana ya yi gado tare da 'ya'yana, ko a riskar da shi da su, sai a ƙidaya shi kamar ɗa na uku, ya sami sulusi, wasiyya ta zartu duka. Amma idan ya ce a ba jikana kwatankwacin rabon ɗana, a wurin Malik rabon ɗa a nan rabi ne, sai ya zama ya yi wasiyya da rabi, abin da ya haura sulusi ya tsaya ga yardar baffannin. In 'ya'yan uku ne, lafazin farko rubu'i yake bayarwa, na biyu sulusi. Don haka kada tsoho ya sa yaron makaranta ya rubuta masa don kawai hannunsa yana da kyau. A nemi wanda ya karanta fara'ili.

Wakafi ka yi shi da lafiya ka fitar da shi
Daga hannuwanka gaban mutanen gaskiya.

Kada kai dabara don maza su ci su kaɗai,
Haƙƙin ɗiya nauyi gare shi a kan wuya.

Ga Bagadadi can a Hartum ya rasu,
Sunansa na bakin mutane da godiya.

Wakafi shi ne a tsare asalin abu, ba sayarwa ba kyautarwa ba gado, a saki amfaninsa ga waɗanda aka ambata. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ce ta Haibara, wadda Annabi ya ba shi shawara ya yi haka da ita. Abin da Turawa suke yi na damƙa dukiya ga amintattu su juya ta don iyali, kamarsa ne ta wata fuska. Bambancin wakafi da wasiyya babba ne. Wasiyya sai bayan mutuwa take aiki, sulusi ne iyakarta. Wakafin mai lafiya kuwa daga uwar dukiya yake fita, nan take, kuma yana halatta ga 'ya'yan mutum da zuriyarsu.

Amma yana da sharaɗi wanda shi ne ke kayar da mafi yawan wakafan mutanenmu, shi ne hauzi, watau abin ya bar hannun mai shi, waɗanda aka yi dominsu ko nazirin da aka naɗa su karɓa, shaidu su gani da ido. Idan mutum ya ce gidan nan wakafi ne, ya ci gaba da zama ciki yana karɓar haya har mutuwa ta zo, ko ciwon ajali, ko bashi ya rufe shi, wakafin ya ɓaci, gidan ya koma gado. Ko da ya fita, in ya komo ya zauna kafin shekara ta cika sa'an nan ya rasu, ya ɓaci. Uba yana iya yi wa ƙananan 'ya'yansa hauzi da kansa, in ya sa shaidu kuma yana kashe amfanin a kansu, ban da gidan da yake zaune ciki, wannan sai ya tashi. Kuma a wurinmu mutum ba ya yi wa kansa wakafi. Abu Yusuf na Hanafiyya ya halatta wannan, bai kuma sharɗanta hauzi ba, shi ya sa za ka ga takardar wakafi daga ƙasashen da kotunansu suka bi Hanafiyya tana cewa amfanin na mai wakafin ne muddin ransa, bayansa na 'ya'yansa. Wanda ya kwafo irin wannan takarda ya kawo ta gaban alƙalin Kano ko Sakkwato, ya jawo wa iyalinsa shari'a. Wakafin da aka yi cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya yake ɗauka.

Baiti na biyu gargaɗi ne. Akwai masu yin wakafi don su zagaye ayar gado, su ce ga 'ya'yana maza da 'ya'yansu, wai kada gida ya tafi hannun surukai. Shehu Halil a Muhtasar ya lissafa wakafi ga 'ya'ya maza ban da mata cikin waɗanda suka ɓaci. Masu sharhi sun kawo cewa akwai ruwaya daga Malik ta karhanci kawai, wasu suka rinjayar da ita. Ko wace aka ɗauka, ba mai cewa abin kirki ne. Kuma ka duba da idonka, idan aure ya mutu ko yaƙi ya ci miji, wa ke komowa gidan uba da 'ya'ya a baya? Ita ce wadda aka fitar. Wakafin iyali ya yi ƙaurin suna a wasu ƙasashe saboda irin wannan, da kuma yawan masu cin amfani har rabon mutum bai kai kuɗin motar zuwa karɓa ba, da ha'incin nazirai. Siriya ta soke shi a 1949, Masar a 1952. Dokar Sudan ta 1991 ta bar shi, ta kasa wakafi uku: na alheri, na iyali, da wanda ya haɗa biyun. Wanda zai yi na iyali, shawarata ya taƙaita shi ga masu rauni, kamar ɗakunan zama ga zawarawa da marayun gidan, ya ambaci inda zai koma in sun ƙare, masallaci ko makaranta, ya kuma ware wani abu daga haya don gyara. Malikiyya ta yi sauƙi a nan, ta yarda da wakafi na ƙayyadadden lokaci, kamar shekara ashirin har yara su girma, sa'an nan ya koma mulki.

Bagadadi da na ambata shi ne Ahmad Hashim Al-Bagadadi, baƙon ɗan kasuwa da ya zauna Hartum farkon zamanin Turawa. Da aka buɗe makarantar koyon likita ta Kicina a 1924, ya tsayar da gidaje da kantuna wakafi don ɗaukar nauyin ɗalibanta. Ya rasu a 1933. Makarantar ta zama sashen likitanci na Jami'ar Hartum, aka sa wa wani zauren karatu sunansa. Haka kuma attajiri Abdul Mun'im Muhammad, wanda wakafinsa ya tsayar da masallaci da makaranta da wurin shan magani a Hartum. Attajirai nawa ne suka fi su kuɗi a zamaninsu, yau ko jikokinsu ba su san inda kantunansu suke ba? Yaƙi yana rushe gini, amma filin wakafi yana nan wakafi, ba ya zama na wanda ya mamaye shi.

Gado idan aka bar shi ba a raba shi ba,
Shi ne yake raba 'yan'uwa na ciki ɗaya.

A tsofaffin unguwannin Umdurman, irin su Wad Nubawi da Baitul Mal da Abu Rof da Maurada, waɗanda suka samo asali tun garin yana hedkwatar Mahadi da Halifa Abdullahi daga 1885, akwai abin da suke kira gidan warasa, watau gidan magada. Dokar rajistar filaye ta 1925 ta sa an rubuta gidaje da sunan masu su, sai ka tarar takarda tana ɗauke da sunan kaka ko kakan kaka, an ji kunyar raba gida don kada a ce an watsa zumunci. Mu ma muna da irinsa a cikin birnin Kano da Zariya.

Ga lissafi don a gane. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gida mai faɗin mita 336. Matar tana da sumuni, mita 42. Uwa tana da sudusi, mita 56. Kowane namiji 68, kowace mace 34. Yau kowa ya san nasa, ana iya yin sulhu, wani ya sayi rabon wani, abin da ake kira taharuji. In aka yi shiru, sai uwar ta rasu, mita 56 ɗinta su tafi ga 'ya'yanta da ke raye, watau baffanni da gwaggwanni sun shigo gida. Sai ɗaya daga 'yan matan ta rasu ta bar miji da 'ya'ya, mijin ya ɗauki rubu'i, mita 8 da rabi. Shi ma ya rasu, rabonsa ya shiga hannun sabuwar matarsa da 'ya'yanta, mutanen da ba su taɓa taka zauren ba. Wannan shi ne munasaha, kuma kowace mutuwa tana ninka wahalarta. Yanzu ka ɗora yaƙi a kai: magada sun watsu Alƙahira da Jidda da Kano, tsohuwar da ta san wa ya haifi wa ta rasu a hanya. A Sudan kotu tana ba da takarda mai suna i'ilami na shari'a, mai ɗauke da sunayen magada da rabon kowa. Ko ba za a sayar da gida ba, ko ba za a ja katanga ba, a fitar da irin wannan takarda bayan kowace rasuwa.

Fa'ida: malamanmu sun ce wanda ya riƙe gidan wani shekara goma yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba, ba kuma abin da ya hana shi, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Wanda tsoro ya kora ba ya cikin wannan, haƙƙinsa yana nan.

Mafƙudu kar a raba abin da ya mallaka,
Sai an ji alƙali, a bar son zuciya.

Mafƙudi shi ne wanda labarinsa ya yanke, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Da muna karanta babinsa kamar abin da ba zai faru ba, ga shi yau gidaje da yawa a Hartum suna cikinsa. Wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi lokacin zaman lafiya, matarsa tana kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba, mafi shahara saba'in daga haihuwarsa, wasu suka ce saba'in da biyar, wasu tamanin. Amma wanda ya ɓace a yaƙin da ke tsakanin Musulmi, in adilai sun shaida sun gan shi a wurin faɗan, ana hukunta mutuwarsa bayan an rabu, matarsa ta yi takaba, a raba gadonsa. To, wanda ya fita neman burodi ko magani bai komo ba fa, ko wanda aka ga an kama shi an tafi da shi? Na biyun ya fi kama da fursuna, shi kuwa fursuna a kan rai ake ɗaukarsa har a tabbatar. Wannan aikin alƙali ne, 'yan'uwa ba su da ikon su zauna a zaure su yanke. Magadansa su ne waɗanda ke raye ranar hukunci. In kuma wani nasa ya rasu a tsakani, sai a ajiye rabon mafƙudin har al'amarinsa ya bayyana. Haka nan waɗanda gini ya faɗa musu tare, uba da ɗa, ba a san wanda ya riga cikawa ba, ba su gadon juna, kowa rayayyun magadansa ke gadonsa.

Zaɓar wa yaranka wasiyyi mai riƙo,
Ba don tsawon rawani ba, don tsare dukiya.

Wasiyyi shi ne wanda uba ya naɗa ya kula da ƙananan 'ya'yansa da dukiyarsu bayansa, kuma wannan naɗi ba ya cin komai daga sulusi. Sharaɗinsa ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adili, mai iya aikin. Mace tana iya zama, sau da yawa ma uwar yaran ta fi kowa cancanta, amma in uba bai naɗa ta ba, zama uwa kawai ba ya ba ta wilaya a kan dukiyarsu a mazhabarmu, haka baffa, haka wa, sai alƙali ya gabatar da wanda ya gani. A tambayi mutum kafin a naɗa shi, domin in ya karɓa har mai wasiyya ya rasu ba shi da ikon ajiyewa don ganin dama. A ambaci na biyu in na farko ya rasu ko ya ɓace, ya fi kyau ya zama mazaunin wani gari. Takardar kanta a yi ta kofi uku ko huɗu, da ita da takardun gida da na bashi, a ajiye ɗaya wurin ɗan'uwa a wata ƙasa, a ɗauki hotonta a waya, domin waɗanda suka bar tasu cikin akwatin ƙarfe a Hartum, akwatin ne farkon abin da aka fasa. In ha'inci ya bayyana ga wasiyyi alƙali yana cire shi. Idan yara suka balaga aka ga shiriyarsu a kan kuɗi, ya miƙa musu dukiyarsu gaban shaidu kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, in bai sa shaidu ba suka musa, ba a karɓar maganarsa. Allah ne Mafi sani.